Mai Riƙe da Makullai

Kowace kaka, in ganyen inabi ya fara ja,
Malama Leonor takan aiko mini da takarda:
"Abílio, ran Talata za su ga fim ɗin,
zo ka zauna mana a baya."
Nakan sa kwat ɗina mai warin kafur,
in hau bas mai gangarawa Coimbra,
in zaɓi kujerar bakin ƙofa, kamar mai shirin gudu.

Sai a kashe fitilu.
Matasa talatin masu koyon jinya,
wani na taunar cingam, wata na gyara gashi.
Bango ya yi fari, ya koma toka-toka,
sai ga asibitin kan tudu ya dawo
da tagoginsa masu sanduna, da itatuwan zaitun biyu.
Shekara hamsin ba ta rage masa komai ba.

Wanda ya ɗauki fim ɗin ya ƙi sa masa kiɗa.
Sai ƙarar cokula a kwanonin ƙarfe,
da jan silifa a doguwar baranda,
da muryar wani yana ƙidayar abin da ba ya ƙarewa.

Minti na goma sha tara nake tsoro.
Wani saurayi ya shigo ta hagu,
farar riga, gashin baki sabon tsiro,
makullai na lilo a ƙugunsa.
Ya sunkuya kan gado na bakwai,
ya ja maɗaurin fata, ya zarga, ya tamke,
hannunsa ko rawa bai yi ba,
kamar mai ɗaure buhun dankali.
Ni ne.
Har na dubi kyamara na yi mata murmushi,
ita kuwa ba ta san kara ba.

A nan Malama takan tsayar da hoto
ta ce, "Me kuka gani?"
Su ce ɗauri. Su ce ƙarancin magani. Su ce cunkoso,
majinyata tamanin, ma'aikata biyu.
Duk gaskiya ne. Su rubuta, a ci gaba.

Bana wata mai tabarau, Benedita,
ko hannu ba ta ɗaga ba, juyowa kawai ta yi:
"Shi na kan gadon, yaya sunansa?"

Ɗaki ya yi tsit, sai fankar na'ura.
Fim bai faɗa ba. Takarda ta ce lamba ɗari biyu da shida.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na buɗe baki ina zaton fanko ne,
sai sunan ya fito da kansa
kamar ƙaya daga tsohon miki:
Custódio.

Makiyayi ne daga duwatsun Estrela.
Ya iya cuku. Da dare yakan kira tumakinsa
ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta;
ƙidayar da kuka ji ke nan.
Ya taɓa roƙona in bar masa taga a buɗe
don ya ji ƙanshin ruwa kafin ya sauko.
Na ce doka ta hana.
Babu wata doka. Sanyi nake ji.

Ba wanda ya rubuta wannan.
Benedita ta ce a mai da fim baya, a ƙara sauti.
Muka kasa kunne, mu talatin da biyu,
a ƙarƙashin ƙarar cokula:
Mansa. Pintada. Cereja. Mansa kuma,
ita ce mai yawan ɓata.

Ban jira shan gahawa ba.
A bas, makullin gidana guda ɗaya tal
ya yi ta sukata a aljihu har tasha.
Da na isa, hadari ya haɗu a gabas.
Ban san ko Custódio ya daɗe ba bayan an sauya mini aiki.
Ban taɓa tambaya ba.
Gobe zan tambayi Leonor inda ake ajiye tsoffin takardu.